Ido Kaɗai Ba Ya Tsaron Yaro: Yadda Za Ku Gyara Gida Da Hanya Domin 'Ya'yanku

Duk lokacin da yaro ya ƙone ko ya faɗa rijiya, tambayar farko da ake yi ita ce, “Ina uwarsa take?” Sau da yawa uwar tana nan, taku biyar ne tsakaninta da shi. Ta juya ne ta kwashe tuwo, ko ta shiga ɗaki ɗauko zane, ko maƙwabciya ta yi sallama. Babu macen da za ta haɗa girki da wanki da surfe da shayarwa, a ce idonta bai taɓa sauka daga kan ɗan shekara biyu ba. Ɗora mata laifi ba ya hana na gaba. Abin da ke hanawa shi ne a gyara gidan, yadda ko ido ya kauce na minti biyu yaron ba zai tarar da abin da zai halaka shi ba. Wannan kuwa aikin maigida ne kafin kowa, domin murfin rijiya da kwaɗo da shinge duk kuɗi ne da aikin ƙarfi.

Mun saba cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ƙaddara ta Allah ce, babu ja. Amma addinin da ya koya mana haka, shi ne kuma ya ce a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali.

Mataki na farko: ku durƙusa ku kalli gidanku

Ku zaɓi wata safiya, maigida da matan gida tare, ku zagaya tun daga zaure har bayan ɗakuna. Kada ku zagaya a tsaye. Ku durƙusa daidai tsayin ƙaramin yaronku, ku ga abin da hannunsa ke iya kaiwa. A nan ne za ku ga robar lemo da aka zuba wa kananzir a ƙarƙashin gado, da reza a bakin taga, da wayar wuta da ta ɓare, da bokitin da aka jiƙa wanki tun jiya. Abin da za a iya ɗaukewa, a ɗauke shi a take. Wanda ke buƙatar kafinta ko magini, a sa masa rana kafin a tashi daga wurin. Ku sake wannan zagaye idan yaro ya fara rarrafe, ku sake idan ya fara tafiya, ku sake idan ya fara hawa kan abubuwa, domin kowane lokaci hannunsa na kaiwa inda da ba ya kaiwa.

Mataki na biyu: ruwa

A Kebbi ruwa ne arzikinmu, daga gulbin Rima da ya shayar da fadamun Argungu da Birnin Kebbi har kogin Neja a Yauri da Ngaski. Shi ne kuma abin da ya fi saurin ɗaukar yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa. Shiru ake ji. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi ƙwarai idan aka kwatanta da girman jikinsa, saboda haka idan ya leƙa bokiti ko baho ya rinjaya, ba zai iya ɗagowa ba, ko da ruwan bai wuce tsawon yatsa ba. Don haka a fara da cikin gida. Da an gama wanki ko wanka, a zubar da ruwan a kife mazubin. Randa da duro su zauna a rufe da murfi mai nauyi. Idan kina yi wa jariri wanka aka yi sallama, ki naɗe shi a zane ki tafi da shi.

Rijiya ita ce babba. Tsohuwar taya da guntun kwano mai tsatsa ba murfi ba ne. A gina mata baki da siminti har ya kai ƙugun babban mutum, a sa murfin ƙarfe ko katako mai maɓalli da kwaɗo, a saba wa kowa da rufewa bayan ɗiban ruwa. Haka ramin shadda da ake kan haƙawa, da ramin da masu bulo suka ɗebi ƙasa: da rani ba a ɗauke su komai ba, da damina kuwa sai su zama kududdufi mai zurfi, gefensa da santsi. Wanda ke cikin gida a cike shi ko a kewaye shi. Wanda ke cikin unguwa a kai maganar gaban mai unguwa, a yi gayya kafin ruwa ya sauka. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan ya san yadda hanyar da yara ke bi kullum ke zama gulbi cikin dare ɗaya.

Hana yara zuwa gulbi gaba ɗaya ba ya yiwuwa, musamman a zafin watan Afrilu. Za su je a ɓoye, wanda ya fi haɗari. Gara a koya musu iyo tun daga shekara 6, a wuri marar zurfi, a hannun babban da ya iya. Mu da muke da Sarkawa a tsakaninmu ba mu da uzurin rashin malami. A kuma koya musu cewa idan ɗan'uwansu na nutsewa kada su faɗa su bi shi, domin haka ake rasa biyu ko uku a rana ɗaya. Su yi ihu, su miƙa doguwar sanda suna kwance a bakin gaɓa, ko su jefa masa jarka marar komai a ciki wadda aka ɗaure murfinta.

Game da jirgin ruwa, ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Warrah da ke Ngaski ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse, kaɗan suka tsira. Idan kika ga an cika jirgi har bakinsa na shafar ruwa, ki sauko da 'ya'yanki, ko da za ki rasa kasuwar ranar. Kada ku yi tafiyar dare, kuma ku nemi rigar kariya daidai jikin yaro, a ɗaure ta sosai.

Idan an tsamo yaro, kada a ɗaga shi ƙafa sama kai ƙasa, kada a danne masa ciki wai don ruwa ya fita. Lokaci ake ɓatawa, kuma amai na iya komawa huhunsa. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa, a dubi ƙirjinsa. In ba ya numfashi, a toshe hancinsa a hura masa iska ta baki sau 5, kowace hurawa har ƙirji ya ɗaga. In jariri ne, bakinka ya rufe hanci da bakinsa tare, ka hura a hankali. Sai a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da sauri, kamar sau biyu a daƙiƙa guda, da hannu ɗaya ga yaro, da yatsu biyu ga jariri. A hura sau 2, a koma dannawa, a ci gaba har ya fara numfashi ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. Ko ya farfaɗo ya tashi zaune, a kai shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu kan tayar da matsala bayan wasu sa'o'i.

Mataki na uku: wuta da ruwan zafi

Murhunmu a ƙasa yake, a tsakar gida, daidai inda mai rarrafe ke yawo. Talge na tafasa, man ƙosai na ƙuna, ga tukunyar ruwan wankan jego, ga manyan tukwanen masu gumin shinkafa. Fatar yaro ta fi ta babba laushi ƙwarai, ruwan da zai yi wa babba ja kawai shi zai saɓule masa fata.

A yi wa madafa shinge. Ba sai an kashe kuɗi da yawa ba: layi uku na bulo, ko zana da 'yar ƙofa, sun isa su tsare mai rarrafe. Idan an sauke tukunya, a kai ta lungu a rufe, kada a bar ta a hanya tana hucewa. Wajen haɗa ruwan wanka, na sanyi ake fara zubawa sannan na zafi, a gwada da gwiwar hannu. Kada a miƙa kofin shayi ko kwanon kunu ta saman kan yaro, kada kuma a sha abu mai zafi yana kan cinya. Mai goyo ta kula idan ta sunkuya kan murhu, domin ƙafar goyo da bakin zane duk suna kaiwa wuta.

Toka ma tana yaudara. Tarin ɓuntun shinkafa da aka ƙone a bayan injin casa yakan yi kwanaki sama fari, ciki kuwa garwashi ne. Yaro ya taka ba takalmi, ƙafa ta nutse. A yayyafa wa toka ruwa kafin a zubar, a kuma hana yara wasa a irin wannan juji.

Da hunturu wani haɗarin ke zuwa wanda ba a gani. Gawayin da aka shigar ɗaki aka rufe ƙofa da taga yana fitar da iska mai guba marar wari, haka hayaƙin janareta. Mutane kan kwanta da ciwon kai da jiri, ba su farka ba. Janareta a waje yake zama, nesa da taga, ba a zaure ko baranda ba. Kaskon wuta a fitar da shi kafin barci. Kyandir da fitilar kwai da maganin sauro mai hayaƙi su yi nesa da katifa da gidan sauro. Fetur kuma ba abin ajiyewa a ɗakin kwana ba ne, ko da shi ne sana'ar maigida.

Idan ƙuna ta faru, a nan ne ƙauna ke sa a yi ɓarna. Wannan ta kawo ƙwai, waccan manja, wani ya ce man goge baki, wani gishiri ko baƙin mai. Duk waɗannan suna riƙe zafi a cikin nama, suna kawo ƙwayoyin cuta, sannan a asibiti sai an kankare su yaron na kuka. Abu ɗaya ake buƙata: ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi, irin na randa ko na famfo, a yi ta kwarara shi a wurin har minti 20. A duba agogo, domin minti 20 sun fi yadda ake zato tsawo. Ba a sa ƙanƙara. A cire riga da awarwaro da zobe kafin wurin ya kumbura, amma tufafin da ya manne da fata a bar shi. Sauran jikin yaron a lulluɓe shi kada sanyi ya kama shi. Kada a fasa ƙurajen ruwan da suka taso. A rufe da tsumma mai tsabta marar gashi, ko sabuwar leda. Idan ƙunar ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko ta taɓa fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko ta wutar lantarki ce, ko jariri ne, asibiti kai tsaye. Idan rigarsa ce ta kama da wuta, kada ya ruga da gudu. A kayar da shi a mirgina shi a ƙasa, ko a danne wutar da bargo.

Mataki na huɗu: guba

Yaro ba ya karanta rubutun jikin kwalba. Robar lemo ya sani, kuma duk abin da ke cikinta abin sha ne a wurinsa. Saboda haka kananzir, fetur, fiya-fiya, maganin feshi, maganin ciyawa da ruwan sodar yin sabulu kada ko ɗaya ya shiga robar abin sha. Su zauna a mazubinsu na asali, cikin akwati mai kwaɗo, a sama. Maganin hawan jini ko na suga na Kaka shi ma a ɗauke shi daga ƙarƙashin matashin kai. Manomi ya wanke jikinsa ya canza kaya bayan feshi kafin ya ɗauki yaro, kuma jarkar maganin da ta ƙare a huda ta, kada a mayar da ita ta ɗiban ruwa. Ƙwayar da ake sakawa cikin buhun wake ko masara don kashe ƙwari iska mai kisa take fitarwa, don haka ba a kwana ɗaki ɗaya da irin wannan buhu.

Idan yaro ya sha wani abu, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri. Kananzir ya fi illa idan aka yi amansa, domin huhu yake shiga. Soda kuma takan sake ƙone maƙogwaro a hanyar fitowa. A cire rigar da abin ya zuba, a wanke fata da sabulu, a kwantar da shi a gefensa idan yana layi, a tafi asibiti da kwalbar a hannu don likita ya san abin da zai yaƙa. Dalalar da miyau da yawan gumi da wahalar numfashi bayan taɓa maganin feshi alamu ne na gaggawa.

Akwai gubar da ba ta nuna kanta da wuri. A 2010 maƙwabtanmu na Zamfara sun rasa yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma abin ya shafe ta. Dutsen zinare ne mai ɗauke da dalma ake kawowa gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta zauna a ƙasar tsakar gida, masu rarrafe suna sa hannu a baki. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Mu ma ana haƙar zinare a yankin Yauri, don haka maganar ta shafe mu. Kada a kawo dutsen gida, kada a daka shi a turmin abinci, kada a kai shi injin niƙan hatsi. Mai aikin ya yi wanka ya bar kayan aikinsa a can. Yaron da bai mutu da dalma ba ma tana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa har abada, kuma gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da ita.

Mataki na biyar: abin da ke maƙalewa a wuya

Gyaɗa, aya, ƙwallon dabino, alewa mai tauri, dutsen ado, murfin biro. Kada a ba ɗan ƙasa da shekara 4 irin waɗannan, kuma ya ci abinci a zaune. In ya ƙware yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. In ya kasa kuka da tari, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau 5. Bai fita ba, ga wanda ya haura shekara ɗaya a tsaya ta bayansa a dunƙule hannu a saman cibiya a ja ciki da sama sau 5. Jariri kuwa a kifa shi a kan hannu kansa na ƙasa a buga bayan, sannan a juya shi a danna ƙirji da yatsu biyu sau 5. Ba a lalube a maƙogwaro da yatsa. Ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, na agogo da kayan wasa, idan an haɗiye shi yana iya ƙone maƙogwaro cikin sa'o'i biyu ko da yaron na wasansa, don haka ba a jira.

Mataki na shida: titi da babur

A duniya baki ɗaya, haɗarin hanya ne ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29. Yaron da bai kai shekara 10 ba bai iya auna gudun mota ba, komai wayonsa. Kada a aike shi ƙetaren babban titi irin na Birnin Kebbi zuwa Jega shi kaɗai, kada kuma a ba shi ƙaninsa ya tsallakar. A riƙe shi ta wuyan hannu, domin yatsu na zamewa. Inda babu gefen tafiya, a bi ɓangaren da ake fuskantar motoci masu zuwa.

A kan kabu-kabu, jera yara huɗu har kan tanki saboda a rage kuɗin makaranta arha ce mai tsada. Ƙafar yaro na shiga wayoyin taya, salansa na ƙona ƙauri, bakin hijabi ko gyale na naɗewa a sarƙa. A tattare tufafi, a sa takalmi, a sa hular kwano, kuma a faɗa wa mai babur ba tare da jin nauyi ba, “Malam, don Allah a hankali, da yara muke.” Abin da ya fi ci mini rai shi ne uban da ke miƙa wa ɗan shekara 12 makullin babur yana alfahari. Mai mota kuma ya zagaya ta kafin ya yi baya, ya kulle ta ko a ƙofar gida take. A zafin nan namu da ke haura digiri 40, yaron da ya shiga mota yana wasa ƙofa ta rufe ba ya daɗewa.

Mataki na bakwai: gona, bishiya da dabbobi

Lokacin mangwaro lokacin karaya ne. Idan yaro ya faɗo ya bugi kai, a lura da shi kwana ɗaya zuwa biyu: amai a kai a kai, barcin da ake wahalar tashinsa, jijjiga, ko jini ko ruwa daga kunne, duk na asibiti ne. Idan ana zaton wuya ko baya ya taɓu, kada a ciccibe shi, a ɗora shi kan ƙyaure ko faffaɗan katako kansa bai motsa ba. Karaya kuma a fara da hoton ƙashi. Idan an riga an yi ɗori, yatsun suka kumbura, suka yi sanyi ko duhu, ko yaron na kukan da ba ya lafawa, ɗaurin ya tsare jini ne. A sassauta a nufi asibiti a ranar, domin yara da yawa sun rasa hannu ta wannan hanya.

Maciji ya fi yawa lokacin shuka da girbi. A share ciyawa da tarin itace daga jikin ɗaki, a riƙe tocila da dare, a kwana cikin gidan sauro da aka cusa bakinsa. Idan ya yi sara, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire abin hannu, a ɗaure gaɓar da sanda sako-sako don kada ta motsa, a ɗauki yaron, kada ya taka. Sarar kububuwa na iya zama kamar ba komai da farko, sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi da fitsari. Allurar kashe dafi ce maganinta. In gamsheƙa ta tofa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa. Cizon kare kuma a wanke shi da sabulu da ruwa har minti 15, a je a karɓi allurar rigakafin haukan kare a ranar, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana kusan ba a tsira.

Mataki na ƙarshe: wa ke riƙe da yaron, kuma ina za a nufa

Ranar suna da ranar biki, gida cike da mutane, su ne ranakun da yaro ya fi zama ba mai kula da shi, domin kowa na zaton yana hannun wani. A ambaci suna a fili: “Yaya, ga shi nan a hannunki har in sauke tukunya.” Ita ma in za ta tashi ta damƙa shi ga wata da baki. 'Yar shekara 7 tana iya yi wa ƙaninta wasa a gabanku, amma ba ita za a bar wa shi a bakin rijiya ko murhu ba. A gidan da mata ke da yawa, a yi karɓa-karɓa a lokacin girki, ɗaya ta zauna da ƙananan duka a inuwa.

Tun yau ku san asibitin da ya fi kusa da ku wanda ke aiki da dare, ku tambaya ko suna ajiye allurar kashe dafin maciji da ta cizon kare, in babu su faɗa muku inda ake samu. Ku ajiye lambar mai mota ko mai babur biyu na unguwa a wayar kowane babba, tare da 112 ta kiran gaggawa da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. A ware kuɗin mota a wurin da matan gida suka sani. Maigida kuma ya faɗa da bakinsa, a gaban kowa, cewa idan irin wannan ta taso ba ya nan, ya ba da izini a fita da yaron asibiti nan take, a kira shi a hanya.